Masu zuwa gidan marayu lokacin hutu, ga inda kuke ɓata rawarku da tsalle

Da an ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, sai ka ga samari da 'yan mata sun yi ankon riguna, an nufi gidan marayu aikin sa kai. Niyyar ba laifi. Amma na shekara biyar ina wannan aiki, kuma kuskuren bara shi nake sake gani bana.

Mafi muni shi ne alkawari, kuma ni ma nan na faɗi. A hutuna na farko wani yaro ɗan shekara 7 ya liƙe min, duk inda na sa ƙafa yana biye. Ranar da zan tafi ya riƙe min riga, na ce, "Ƙanena, ran Asabar zan zo maka da ƙwallo." Don ya sake ni kawai na faɗa. Aka koma makaranta, hidima ta sha kaina, ban sake leƙawa ba sai bayan wata huɗu. Mai renonsu ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba. Ta ce, "Ɗana, ka san Asabar nawa yaron nan ya yi a bakin ƙofa? Kai ka yi alkawari, ni ka bari da lallashi." Na miƙa masa ƙwallon, ya karɓa ya ajiye gefe, ko kallona bai yi ba. Yaron da aka taɓa tafiya aka bari, ni kuma na zo na fama masa miki. Yanzu ko "sai gobe" ba na cewa sai na tabbata. Rana ɗaya nake ɗauka a mako, in riƙe ta har hutu ya ƙare, kuma tun da wuri nake gaya musu ranar da zan yi sallama.

Sai hoto. Haba jama'a! Ka rungumi 'yar mutane, ka ɗora fuskarta a Facebook da TikTok kana neman "Allah ya saka". Ka manta a watan Satumba za ta koma aji, inda wataƙila babu wanda ya san daga ina take zuwa? Kai ka tona mata asiri, ita za ta sha gori. Ni wayata a jaka take kwana har in fito.

Kayan da ake kawowa ma abin haushi. Katan-katan na biskit da alawa, alhali damina ce, sauro ya yi yawa, zazzaɓi na kwantar da yara. Ka tambayi masu gidan tukuna. Sau da yawa gidan sauro za su ce, da sabulu, da madarar jarirai, da audugar mata saboda 'yan matan da suka tasa, waɗanda kowa ke wucewa ya nufi jarirai masu kumatu.

Kada ka tambayi yaro ina iyayensa. Kada ka ba shi kuɗi ko lambar waya a ɓoye. Kada ka riƙa ce musu "marayu" a gabansu, suna da suna.

In kuma ka tarar da masu reno suna wanki, cire agogonka ka ja bokiti. Su ba su da hutu, lokacin ne ma aikinsu ke ninkuwa tunda yaran na gida wuni guda.