Yadda Ake Soya Mai Kafin a Ɗora Girki: Man Ƙuli, Manja da Man Shanu

Amaren da ke zuwa wurina koyon girki, cokali ɗaya na miyarsu ya ishe ni in gane inda aka kuskure. Gishiri ya ji, nama ya nuna, amma akwai wani gafi da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Sai ki ji ana ɗora wa tumatir laifi, ko mai injin markaɗe. Alhali man ne ba a soya ba: an tsiyayo shi daga kwalba, bai ko yi zafi ba an bi shi da kayan miya.

Da farko, uwargida, ki san man da ke hannunki. A kasuwa duk man da ba ja ba "man gyaɗa" muke ce masa, har da na jarka da na leda da kamfanoni ke yi, alhali da yawansu daga kwakwar manja aka tace su, wasu kuma daga waken suya. Ki karanta jikin jarkar za ki gani. A Najeriya za ki kuma ga tambarin ido a jikin irin wannan man, alamar an ƙara masa bitamin A. Shi an riga an tace shi a masana'anta, ba ya buƙatar wata doguwar suya. Ya yi zafi, ki jefa albasa ta yi laushi, ki ci gaba da aikinki. Maganata a kan sauran ukun ce.

Man gyaɗa na ainihi shi ne na masu ƙuli-ƙuli. Ana soya gyaɗa a niƙa, a yi ta murza tunkuza ana yayyafa ruwan zafi har mai ya tsatso. Wannan ruwan da ɗan garin gyaɗar da ya bi man su ne ke sa shi kumfa da zarar ya ji wuta, su ne kuma ke kawo gafi idan ba a soya shi ba. Ga yadda nake yi.

Ki samu tukunya mai kauri, ki goge ta ta bushe ƙarau. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa mai fallatsa a fuskarki. Ki zuba man kada ya wuce rabin tukunyar. Na san za ki ce kwalba ɗaya ce kawai, ƙaramar tukunya ma ta ɗauke ta. A nan ne na taɓa shan wahala. Ina sabon aure, ranar wata Sallah, na cika ƙaramin kasko da ɗanyen man ƙuli kusan baki, na ɗora a risho, na jefa naman da ko tsanewa bai gama yi ba. Kafin in juya in ɗauko matsami, kumfa ta taso kamar ana dafa madara, ta zubo ta gefe, wuta ta kama gindin kaskon. Allah Ya taimake ni maƙwabciyata na kusa, ta kashe rishon ta kifa faranti a kai. Da ni kaɗai ce da ruwa zan watsa, kuma ruwa a kan man da ya kama wuta tashi yake yi da wutar har rufin ɗaki. Tun ranar ban sake soya mai a tukunyar da ba ta ninka shi girma ba.

Ki ɗora a wuta matsakaiciya, kada ki ƙure gas don sauri. Ki yanka albasa rabi, manya-manya, ki jefa tun man yana ɗumi. Za ki ga kumfa ta fara taruwa a sama, man yana ƙara ƙus-ƙus. Ki ƙyale shi. Idan kumfar ta yi yunƙurin hawa, ki rage wuta ki ɗan juya da busasshen ludayi. Abin da kike jira abu uku ne: kumfar ta kwanta, ƙarar ta yi ƙasa, albasar ta koma ruwan ƙasa. Ƙarar nan ruwa ne ke fita, don haka muddin man na surutu bai gama ba. Da zarar ƙamshin soyayyar gyaɗa ya maye gurbin warin ɗanye, ki tsame albasar. Masu koyo a nan suke sake faɗawa rami: su bar albasa ta yi baƙi wai don man ya ƙara soyuwa, sai ɗaci da ƙauri su shiga, kuma babu kayan ƙamshin da zai fitar da su. Ita albasar da kika tsame kada ki zubar, ki watsa ta a kan wake da shinkafa.

Ni kwalbar gaba ɗaya nake soyawa ranar da na sayo, in bari ta huce, in tace in mayar. Gas ɗin ya fi auki haka, kuma duk ranar da yara suka ce garau-garau ko ɗanwake suke so, mai da yaji na nan a shirye.

Manja kuwa akasin haka ne, matsalar mutane da shi wuce gona da iri. Idan hunturu ya daskarar da shi, ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi ko ki ajiye ta a rana, ki girgiza na ƙasa ya haɗu da na sama. Ki zuba a tukunya, ya narke ya yi ruwa, ki saka albasa, minti 2 zuwa 3 ya isa. Abin da ake so gafinsa ya fita, launinsa ya tsaya. Jan nan da kike gani shi ne sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, irin wanda ke cikin karas, kuma zafi mai yawa kashe shi yake yi. Idan kika ga hayaƙi mai sa tari ya tashi, kin wuce wuri. Akwai miyar Yarabawa da ake ci da shinkafar ofada wadda dole sai an ƙona manjan har ya yi fari. Su ma rufe tukunyar suke yi, su sauke, ba sa buɗewa sai ta huce. Amma miyar taushe, alale, faten doya ko miyar ganye, ban ga dalilin da zai sa ki sayi manja da tsadarsa ki ƙone abin da kika saya ba.

Wajen saye ki lakata ki ɗanɗana. Mai kyau ba ya ɗaci, ba ya kartar maƙogwaro. Wanda ya yi ja jawur kamar jan baki ki yi hattara da shi, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya ta sha gargaɗi kan masu zuba wa manja rini don ya ɗauki ido.

Sai man shanu. Wanda kika saya a ƙwarya wurin matan Fulani akwai sauran nono a jikinsa, shi ke kawo ƙarni, shi ke sa ya lalace da wuri. Ki wanke shi da ruwa mai sanyi sau 2 ko 3 kina matsawa da hannu har ruwan ya daina yin fari. Ki ɗora a wuta ƙasa-ƙasa. Zai yi tartsatsi sosai, ki ja baya. Ki saka albasa. Wasu na ƙara citta da kanumfari, ni dai albasa kaɗai, don ƙamshin man shanu ba ya son kishiya. Idan ya yi shiru, ya yi garau kina hango gindin tukunya, guggubin ya kwanta ya yi ruwan ƙasa, ki sauke nan take. Tsakanin ya yi da ya ƙone bai fi minti ɗaya ba. Ki tace a busasshiyar kwalba. Kada ki yi asararsa wajen suyar miya, cokali ɗaya a kan tuwo da miyar kuka mai zafi ne wurinsa.

Da man ya soyu, sauran aikin mai sauƙi ne. Ki zuba markaɗen tumatir, tattasai da attaruhu, zai fi kyau in kin riga kin dafa shi ruwan ya ƙone. Ki yi ta juyawa har man ya taso saman kayan miyan, wannan ce alamar tsami ya tafi. Kafin nan kada ki tsaida ruwa.

Suyar ƙosai, awara ko dankali kuwa, ki ɗiga ɗan ƙullu a man. Idan ya nutse ya zauna a ƙasa, man bai yi zafi ba, ƙosanki zai sha mai. Idan ya yi ja nan take, ya yi zafi da yawa, waje zai ƙone ciki ɗanye. Ya nutse ya taso nan da nan, shi ake so. Masu ma'aunin zafi suna neman wajen digiri 175 na Celsius. Kada ki cika kasko, zafin man faɗuwa yake yi.

In kin gama, ki bari ya huce, ki tace da rariya ki rufe, ki ajiye nesa da rana da murhu. Man kifi kwalbarsa daban, sai dai in kina son cincin mai warin kifi. Wanda ya yi baƙi, ya yi kauri yana danƙo, ko yake hayaƙi da ɗora shi, ki haƙura da shi. Kada ki tuttule shi a magudanar wanke-wanke, toshe ta zai yi. Ki ajiye a gwangwani ki riƙa hura gawayi da shi.