Darasi na Tara: Idan Shotkot Ya Ƙi Buɗewa

Ku dubi fuskar kwamfutarku. Wasu ƙananan hotunan suna da 'yar kibiya a kusurwar hagu ta ƙasa. Duk mai kibiya shotkot ne. Ba shi ne fayil ɗin ba, kwatancen inda fayil yake ne kawai, kamar a ce muku gidan wane yana Tudun Wada, bayan masallaci. In mai gida ya tashi, kwatance ya zama banza. Shi ya sa nauyin shotkot ba ya wuce KB 1 ko 2, ko da takardar shafi ɗari ce.

Nan ake yawan yin asarar kuɗin mota. Mutum ya kwafe mai kibiya a filash, ya taso daga Sabon Gari har Samaru don a buga masa takarda, mai shago ya danna, shiru. Takardar tana can gida.

Windows ba ta saurin saduda. In kun canza wa fayil folda ko suna a cikin kwamfutar, takan bi sawunsa ta gano shi, domin faifan ciki mai tsarin NTFS yana ba kowane fayil lambar shaida. Yawancin filash ba su da wannan tsarin. Ga kuma harafin da Windows ke ba kowane filash: wanda ya fito a E: jiya yana iya fitowa a F: yau, shotkot kuwa E: ya sani.

Idan Windows ta rasa fayil ɗin, sai akwati ya fito da rubutun "Problem with Shortcut". Kada ku tsorata. Goge shotkot ba ya taɓa fayil. Wani lokaci takan nuna wani fayil mai kama da naku, ta ce ku danna "Fix it". Ku karanta sunan tukuna, don sau da yawa canka kawai take yi. Gara ku gyara da hannu: ku danna shotkot da maɓallin dama na maus, ku zaɓi "Properties", ku duba layin "Target", ku gyara harafin ko sunan foldar.

Masu Windows 7, har yanzu suna da yawa a shagunanmu, su lura. Duk mako takan yi shara da kanta, in ta tarar da matattun shotkot fiye da 4 a fuskar kwamfuta sai ta kwashe su duka, har da na filash ɗin da aka zare. Don hana ta, ku shiga "Control Panel", sai "Troubleshooting", sai "Change settings", ku mayar da "Computer Maintenance" zuwa "Off".

Akwai kuma hanyar hana Windows neman fayil gaba ɗaya ta wata manhajar saiti mai suna gpedit.msc, amma babu ita a nau'in Windows Home, kuma a ganina sabon shiga ya bar wa mai gyara.

In kuwa kun sa filash kuka ga duk foldoji sun zama masu kibiya, wannan bairos ne ya ɓoye fayilolinku. Kada ku danna ko ɗaya, kada ku yi fomat, wato goge duk abin da ke cikin filash ɗin. A wanke filash ɗin da antibairos tukuna.

Aikin aji: ku rubuta sunanku a takarda, ku adana, ku yi mata shotkot. Ku mayar da takardar wata folda, ku danna shotkot. Ya buɗe? Sannan ku goge takardar, ku sake dannawa, ku karanta wa malam abin da akwatin ya ce.