Yadda ake kafa farantin ƙasa a shasin motar Locost

Locost ƙaramar mota ce mai kujera biyu da mutane ke haɗawa da hannunsu a garejin gida, musamman a Ingila. Kwaikwayon Lotus Seven ce, wadda Colin Chapman ya fitar a 1957. Shasinta bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, faɗi milimita 25, kauri 1.6, an haɗa da walda kamar keji. Farantin da ake sa wa a ƙasa ba don tare ruwa da tsakuwa kaɗai ba ne. Yana cikin abin da ke hana kejin murɗewa idan an sha kwana, shi ya sa ba a yi masa aikin ganin-dama.

Da farko ka yanke shawara: ƙarfe ko alminiyam. Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai kaurin milimita 1.6 ya haura kilo 12 da rabi, na alminiyam mai milimita 2 kuwa bai kai kilo 5 da rabi ba. Ƙarfe da walda ake kama shi, kuma zafin walda kan sa faranti ya yi tumbi, ya riƙa ƙara "bam" duk sanda aka taka. A ganina alminiyam da gam da rifit (ƙusar da ake ja da bindiga ta matse ƙarafa biyu) sun fi wa mai aiki a gida sauƙi, kuma hanyar da zan bi ke nan. Nemi alminiyam mai lamba 5251. Mai lamba 1050 ya fi daɗin lanƙwasawa, amma laushinsa ya yi wa ƙasan mota yawa.

Kafin faranti ya matso kusa, a gama duk wata walda. Alminiyam ba zai riƙe kujera ba, balle bel ɗin ɗaure jiki. Gindin kujeru da mazaunin notin bel a kan sandunan ƙarfe suke zama, waɗanda aka yi wa walda da shasin kansa. A Birtaniya masu gwajin IVA, wanda sai mota irin wannan ta ci shi kafin a yi mata rajista, suna duba wuraren nan da kyau. Idan ka manta da su har gam ya kama, walda za ta ƙone gam ɗin da fentin gaba ɗaya.

Kifa shasin a kan benci biyu, cikinsa sama. Bi duk mahaɗar walda ta wannan fuskar da injin gurza har ta yi daidai da bututu, amma kada ka cinye naman bututun. Ɗora doguwar rula ka leƙa ta ƙarƙashi. Inda haske ya ratso da yawa ko rular ta yi lilo, akwai sauran aiki. Sai fenti, a bar shi ya bushe sarai. Alminiyam da ƙarfe in suka haɗu tsirara ga damshi, alminiyam ɗin ne ke ciwuwa, ya zama farin gari a kewayen kowane rifit. Fenti da gam su ne ke shiga tsakaninsu.

Ɗora farantin, ka matse shi da shasin a wurare da dama, ka shiga ƙasa da alƙalamin maka ka zana gefen kowane bututu, ciki da waje. Sauke shi ka yanka a layin waje, ka bi bakin da magagari. Yanzu hoton shasin gaba ɗaya yana jikin faranti. Ja layi a tsakiyar kowane bututu, wato milimita 12.5 daga gefe, ka sa ɗigo duk bayan milimita 50. Ka tsallake daidai kan mahaɗa, domin ƙarfen wurin ya yi tauri kuma ba a son raunana shi. Haka kuma duba fuskar bututun: idan ɗinkinsa na masana'anta ya faɗo kan layinka, kauce masa kaɗan, in ba haka ba bakin huda zai zame ya yi maka rami mai siffar ƙwai.

Wajen huda ne ake gane mai haƙuri. Fara huda farantin shi kaɗai da ƙaramin baki, ka mayar da shi kan shasi daidai kan zanensa, ka matse. Rifit mai milimita 4 yana son rami 4.1, mai 4.8 kuma 4.9. Huda na farko a tsakiya, ka sa masa Cleco, wato ɗan maƙalin nan mai sifirin da ke riƙe faranti na wucin gadi. Daga nan ka yi ta fita zuwa gefuna, kana sa Cleco bayan 'yan ramuka. Wanda ya fara daga kusurwa huɗu ya taro zuwa ciki, shi ke tara kumburi a tsakiya. Naɗa salatif a bakin hudar, milimita 10 daga tsini, don ka san inda za ka tsaya kada ka fasa ɗaya bangon bututun. Ramukan za su kai ɗaruruwa, saboda haka ka tanadi baki fiye da ɗaya.

Cire farantin kuma. Kowane rami, gaba da baya, ka murza masa babban bakin huda da yatsu don kankare ƙaiƙayin ƙarfe. Mutane da yawa na ƙosawa a nan, alhali ɗan ƙaiƙayi guda ya isa ya ɗage faranti ya hana rifit zama. Share ɓarɓashin, ka ɗiga fenti a ramukan bututu, ka goga samfefa a inda gam zai hau, ka goge maiƙo da tsumma mai tsabta da abin da kamfanin gam ɗin ya ce a yi amfani da shi.

Gam ɗin irin na foliyuritan ne, kamar Sikaflex 221. Da damshin iska yake kamawa, don haka a ranar zafi mai laima yakan yi fata da wuri. Kada ka buɗe shi sai rifit da bindigarsa da safar hannu suna gabanka, ga kuma mai taimako. Zuba shi zare ɗaya mara yankewa a kan kowane bututu, ya bi ta kan ramuka. Ku saukar da farantin a hankali, ku mayar da Cleco, sannan ka fara rifit daga tsakiya zuwa waje kamar yadda ka huda. Danna bindigar sosai kafin ka ja, kan rifit ɗin ya kwanta a faranti. Mai rufaffen gindi ya fi, domin ruwa ba ya bi ta cikinsa ya shiga bututu. Duba kwalinsa ka tabbata yana kama kaurin milimita 4, wato faranti da bango da ɗan gam. Da bindigar hannu tafinka zai gaya maka. In akwai ta iska, aro ta.

Gam ɗin da ya ɓullo ta gefe ka shafe shi da yatsa ya rufe bakin, ragowar ka goge tun yana ɗanye, don in ya bushe sai wuƙa. Bar shasin a kife kwana ɗaya ko biyu. Bayan ka juya shi, bi kusurwoyin ciki da wani zaren gam, ka fesa maganin tsatsa irin Waxoyl cikin bututun ƙasa. A ƙarshe huda ƙaramin rami a bayan kowace kujera, a inda ya fi gangara: motar ba ta da rufi, ruwan sama kuma sai ya sami hanyar fita.