Babi Na Shida: Adana Abinci, Kayan Gida Da Abin Da Ke Cikin Waya

Wake yakan yi arha da kaka. Wannan waken dai, idan ya kai damina da lafiyarsa, kuɗinsa ya tashi, kuma a lokacin ne gida ya fi bukatarsa. Manomi ya sha wahalar noma, uwargida ta sha wahalar sussuka da shiƙa, amma sau da yawa ƙwaro ne ke cin ribar a cikin buhu. Haka takardar fili takan lalace a ƙarƙashin katifa, hotunan biki su tafi tare da wayar da aka sace.

Kafin ku zaɓi inda za ku ajiye kowane abu, ku fara tambayar kanku: me ke lalata shi? Hatsi, danshi da ƙwari ne ke ɓata shi. Takarda, ruwa da gara da wuta. Abin da ke cikin waya kuwa, sata da lalacewa da mantuwa. Idan kun san amsar, zaɓen wurin ajiya ba zai yi wuya ba.

Hatsi da wake

Aikin farko shi ne busarwa. Hatsin da bai bushe ba, ko a wane irin buhu aka zuba shi, sai ya lalace. Masara tana bukatar danshin cikinta ya sauko zuwa wajen kashi 13 cikin 100 kafin a ɗaure ta. Ba kowa ke da na'urar aunawa ba, amma akwai gwajin da ake yi a gida. Ku samo kwalba mai tsabta wadda ta bushe ƙarau, da gishirin da aka shanya a rana ya bushe sosai. Ku zuba hatsin zuwa kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, ku ƙara gishiri cokali biyu, ku rufe, ku girgiza na minti ɗaya, ku ajiye ta kamar minti 15, sannan ku sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, sai a koma shanya. In ya zube ƙasa bai manne ba, hatsi ya bushe.

Kada a raina wannan mataki, musamman ga masara da gyaɗa. Idan suka sha danshi sukan yi funfuna, wata irin funfunar kuma tana fitar da gubar da likitoci ke kira aflatoksin. Gubar tana cutar da hanta, tana iya jawo ciwon daji, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Gyaɗar da ta yi kore-kore ko ta yi ɗaci, a tsince ta a zubar. Kada a ba yara, kada a ba kaji. Shanya kuma a kan tabarma ko tamfol ake yi, ban da tsurar ƙasa.

Gero da dawa sun fi daɗewa a daminsu cikin rumbu fiye da bayan an sussuke su. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke ɗora rumbu a kan duwatsu don kada ya sha danshin ƙasa. Kafin sabon amfani ya shiga, a share rumbun tas, a fitar da ragowar bara, a yaɓe duk inda ya tsage, a duba jinkar kada ta yi yoyo. Zuba sabon hatsi a kan tsoho shi ne hanya mafi sauƙi ta kai wa ƙwarin bara abincin bana.

Wake ne ya fi wahalar adanawa, domin ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi. A nan ne buhun PICS yake da amfani, wanda wasu ke kira buhu mai riga uku. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na arewacin Kamaru ne suka fara gwada dabarar, daga shekarar 2007 kuma aka yaɗa shi a ƙauyukan Nijar da Nijeriya. Yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa ɗaya a waje. Babu wani magani a jikinsa. Idan an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shaƙe ɗan abin da ya rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu.

Ga yadda ake amfani da shi. Ku fara duba kowace leda: ku cika ta da iska, ku riƙe bakin, ku danna. In ta sace, ta huje, kada ku yi amfani da ita. Ku sa leda ta farko cikin ta biyu, ku sa su biyun cikin buhun waje. Ku riƙa zuba waken kaɗan-kaɗan kuna jijjigawa don ya zauna. Kada ku cika har baki, ku bar wurin ɗauri. Ku matse iskar da ke sama, ku murɗe bakin leda ta farko, ku lanƙwasa shi, ku ɗaure da igiya. Ku yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje, kowanne da nasa ɗaurin. Ku ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, inda ɓera ba zai kai ba. Abin da ya fi ba mutane wuya shi ne haƙurin barinsa a rufe. Duk buɗewar da aka yi, sabuwar iska ta shiga. Saboda haka waken da za a ci a wannan watan, a ware shi daban tun farko.

Wanda ba shi da irin wannan buhu zai iya amfani da duro ko jarka mai murfi mai kyau, a cika ta taf, a rufe gam. Sai dai kada ta zama wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi. Ga wake ɗan kaɗan, cakuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka har ta cike tsakanin ƙwayoyin yana hana ƙwaro yawo.

Akwai abin da nake roƙon kowa ya bari, wato zuba maganin kashe ƙwari na feshi a cikin waken ci. Maganin da aka yi don kyankyaso da sauro ba na abinci ba ne. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a jikinsa. Su sun ƙi saya, mu kuwa da 'ya'yanmu muke ci. Ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhu ita ma tana fitar da iska mai kisa, ba a ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin da mutane ke kwana.

Kayan miya da dafaffen abinci

Tumatir, kuɓewa, tattasai da ganye, idan suka yi yawa a kasuwa, a yanka a shanya. Bayan sun bushe a zuba su a roba mai murfi. Albasa kuwa iska take so, a baza ta a inuwa, kada a ɗaure ta a leda.

Don ɗanyen kaya na 'yan kwanaki akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka, har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan miya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yake bushewa ta jikin babbar tukunyar, yana janye zafin da ke ciki. A ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Ta fi aiki da rani da bazara. Da damina iska kanta tana ɗauke da danshi, sanyin bai kai ba.

Masu firji su riƙe wannan: in an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza da ke cike kuwa har kwana 2. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, a lokacin tsananin zafi ma awa 1. Wanda ya kwana a firji, a tafasa shi sosai kafin a ci.

Kayan ɗaki da takardu

Tufafi da kwanuka ba su da wahala. Akwati ko adaka a ɗora a kan bulo, a bar ɗan fili tsakaninta da bango saboda gara. Kayan sanyi a wanke, a shanya, a ninke, a rubuta abin da ke ciki a jikin jakar. Wannan ma wata dama ce ta gwada rubutun da kuke koyo. Ƙwayar kafur tana korar ƙwari daga tufafi, amma kada a sa ta a kayan jariri, domin tana iya fasa jinin wasu jarirai ta jawo musu shawara.

Kananzir a kwalbar lemo ya kai yara da yawa asibiti. Yaro ya ga kwalbar da ya sani, ya ɗaga ya sha. Kananzir, maganin ɓera, maganin feshi da magungunan asibiti, duk a sama suke zama, a cikin mazubinsu na asali, in da hali a kulle. Fetur ba ya kwana a ɗaki.

Takardu ne suka fi cancantar kulawa, don su ne suka fi wuyar maidowa: takardar haihuwa, takardar fili ko gida, shaidar makaranta, katin zaɓe, takardar NIN, katin rigakafin yara, takardar bashi. Ambaliyar da ta shiga Maiduguri a watan Satumba na 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, da dare ta zo, mutane suka fita da kayan jikinsu kawai. A irin wannan hali babu lokacin bincike a akwati uku. Ku tara takardun wuri ɗaya, cikin leda mai kauri, ku sa ledar a ƙaramin akwatin ƙarfe, ku ɗora shi sama. Maigida da uwargida duka su san inda yake. Ku yi hoton kowace takarda a shagon kwafi, ku kai wa ɗan'uwan da kuka yarda da shi a wata unguwa. Sannan ku ɗauki hotonsu da waya.

Abin da ke cikin waya da kwamfuta

Hoto, murya, bidiyo da takardar da aka buga, kowannensu fayil ne. Ana auna girmansa da megabait. Kimanin megabait 1,000 ne gigabait 1, hoton waya ɗaya kuwa yakan kai megabait 2 zuwa 5.

Wuri uku ake ajiye fayil. Na farko cikin wayar ko kwamfutar kanta. Na biyu katin memori, filash ko babban faifan ajiya da ake jonawa. Na uku ma'ajiyar intanet, wadda take kamar rumbun da kuka gina a wani gari: ko gobara ta tashi a gidanku, abin da ke can yana nan. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, amma imel da hotuna da ajiyar WhatsApp duk daga ciki suke ci. iCloud da OneDrive suna ba da gigabait 5 kowanne.

Masu aikin kwamfuta suna da ƙa'ida: abu mai muhimmanci a yi masa kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki ya kasance a wani wuri daban. A aikace, hoton takardar filinku ya zauna a waya, a filash da ke cikin akwatin takardu, da kuma ma'ajiyar intanet. Katin memorin da ke cikin waya ba ya cikin lissafi, domin ɓarawo tare zai tafi da su.

A kula da jabun memori. Akwai wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba, yana karɓar hotuna, ranar da aka zo buɗewa a tarar sun lalace. Idan kuɗinsa ya yi arha fiye da kima, a bar shi. Filash kuma kada a zare shi yana tsakiyar aiki, kada a riƙa yawo da shi kwamfuta-kwamfuta, nan yake kwaso bairos, wato cutar kwamfuta mai lalata fayil.

Inda aka fi yin asara shi ne kalmar sirri. Mutum ya sayi waya, mai shago ko wani yaro ya buɗe masa imel, shi bai san sunan imel ɗin ba balle kalmar sirrinsa. Ranar da wayar ta ɓace, hotunan suna can a ma'ajiyar intanet amma babu hanyar shiga, domin da imel ɗin ake shiga. Ku zauna da wanda ya buɗe muku, ku karɓi sunan, ku canja kalmar sirrin da kanku, ku rubuta su biyun a takarda ku sa a akwatin takardu. Ku tabbata lambar wayar da aka haɗa da imel ɗin taku ce. Ku riƙa leƙa shi lokaci-lokaci, domin Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba.

Aikin yi

1. Ku rubuta abubuwa biyar da ke gidanku, a gaban kowanne ku rubuta abin da ke lalata shi.
2. Idan hoto ɗaya megabait 4 ne, hotuna nawa gigabait 1 zai ɗauka?
3. Ku gwada dabarar gishiri da kwalba a kan hatsin gidanku, ku zo ku faɗa wa aji abin da kuka gani.
4. Ku zo darasi na gaba da sunan imel ɗinku a rubuce da hannunku. Kalmar sirrin ku bar ta a gida, ko malami ba a nuna wa.