Yadda Ake Dawo da Kalandar Outlook Bayan Sabunta Office

Idan aka sabunta Microsoft Office, sai Outlook ya ƙi buɗe kalanda ko ya buɗe ta babu komai a ciki, sau da yawa bayanan suna nan, tsarin fayil ɗin ne ya lalace. Gaggawar gyara ce ta fi jawo asara. Saboda haka a fara rufe Outlook, a nemo fayil ɗin da Outlook ke adana saƙonni da kalanda a cikinsa, mai sunan da ya ƙare da .pst, wanda tun daga Outlook 2010 ake ajiye shi a foldar Outlook Files da ke cikin Documents, a kwafe shi zuwa filash kafin a taɓa komai.

Office yana zuwa da manhajar gyara mai suna SCANPST.EXE, kuma a Office 2016, 2019 da Microsoft 365 galibi tana cikin C:\Program Files\Microsoft Office\root\Office16. A buɗe ta, a zaɓi fayil ɗin, a danna Start. In ta gano kurakurai, a tabbatar an bar zaɓin yin kwafin ajiya a kunne, sannan a danna Repair. Wani lokaci sai an maimaita har ta daina samun kuskure. Abubuwan da ta ceto amma ta kasa mayar da su mazauninsu tana zuba su a foldar Lost and Found, daga nan ake janyo su zuwa kalanda. Abin da ta kasa karantawa kuwa tana iya watsar da shi, shi ya sa kwafin farko yake da muhimmanci.

Fayil mai .ost, wato ɗaya nau'in fayil ɗin da Outlook ke adana bayanai a ciki, hukuncinsa daban ne. A asusun Exchange ko Outlook.com, ainihin kalandar tana kan sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da asusun, don haka canza wa fayil ɗin suna ya wadatar, Outlook zai sauke sabo. Amma a asusun IMAP, wani nau'in asusun imel, tun daga Outlook 2013, kalandar da aka rubuta wa This computer only a cikin .ost kaɗai take zaune, kuma wanda ya goge shi ya goge ta. Masu gyara da dama suna tafka wannan kuskuren, alhali fitar da kalandar zuwa sabon .pst ta hanyar File, Open & Export, Import/Export ba ya ɗaukar lokaci, muddin Outlook yana buɗewa.

Bayan gyara, a mayar da kalandar tsarin List, wanda ke nuna taruka a jere, a duba tarukan da ke maimaituwa da ranakunsu ɗaya bayan ɗaya.