Yadda Ake Haɗa Zaren Rama da Efoksi Domin Gwajin Ƙarfi

Ɓawon ramar da manomi ke tufka igiya da shi, shi ne masu binciken kayan roba ke sanyawa cikin ruwan efoksi, wani irin gam na roba da ke daskarewa ya yi tauri, domin su sami allo mai ƙarfi mara nauyi, wanda zai iya maye gurbin zaren gilas a wasu ayyuka. Wahalar ita ce zaren rama yana shan danshi, efoksi kuwa ba ya kama jikin da ke da laima, saboda haka yawancin aikin yana kan gyaran zaren ne kafin a kai ga zubi.

Da farko a jiƙa karan ramar cikin ruwa kwana 10 zuwa 14 har ɓawon ya saki, a ɓare zaren, a wanke, a shanya, sannan a ware wani kaso da ba za a taɓa shi da magani ba domin kwatanci.

Daga nan a narka soda, irin wadda masu sabulun gida ke aiki da ita, giram 50 cikin lita ɗaya. Sodar ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali domin haɗin yana ɗaukar zafi, kuma safar hannu da tabarau wajibi ne. A tsoma zaren awa 3 zuwa 4. Sodar tana cinye kakin da ke jikinsa da wani ɓangare na lignin da hemiselulos, wato sinadaran da ke manne zaruruwan tsiro da juna, sai fuskarsa ta yi kaushi yadda efoksi zai sami wurin kamawa. Asalin dabarar ta John Mercer ce, wani Baturen Ingila masanin rini, wanda ya gwada ta a kan auduga a 1844. Idan aka wuce gona da iri wajen tsomawa a sodar, zaren zai riƙa tsinkewa tsakanin yatsu. A ɗauraye shi da ruwa mai ɗan asid na asetik (sinadarin tsami da ke cikin binega) har santsin sodar ya tafi, takardar gwaji ta nuna pH 7, wato babu sauran soda ko asid, sannan a busar cikin oben mai zafin digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Celsius na awa 24. A nan ɗalibai suka fi gaggawa, musamman da damina, kuma a ganina a nan sakamako ya fi lalacewa.

A shafa kaki a mazubi, a gauraya efoksi da ruwan daskarar da shi bisa ma'aunin kamfani, a jera zaren a miƙe ya kai kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyin allon, a zuba, a murza da rola har kumfa ta fita. A danne da nauyi awa 24.

A yanka samfuri aƙalla 5 bisa ƙa'idar ASTM D3039, wato ƙa'idar gwajin ƙarfin irin wannan allo idan aka ja shi, a ja su a injin gwaji, sannan a duba bakin karayar: idan zaren ya zaro fes ya bar ramuka a efoksin, kamun bai yi ba, sai a koma kan wanki da busarwa.