Yadda za ka bi sawun kuɗin da attajiran fasaha ke zubawa a zaɓen Amurka

Duk mai bin siyasar Amurka ya ji cewa Elon Musk ya kashe sama da dala miliyan 250 a zaɓen 2024 don Trump ya ci, amma mutane da yawa ba su san lissafin nan a fili yake ba, kai ma da wayarka za ka iya dubawa. Ga yadda nake yi.

Ka fara da shafin hukumar da ke sa ido kan kuɗin kamfen, wato FEC, a fec.gov. Duk wanda ya ba da sama da dala 200 sai an rubuta sunansa da sana'arsa da inda yake aiki, ka sa sunan ɗan takara kawai jerin zai fito. Amma fa kar ka tsaya nan, don abin da mutum ɗaya zai iya miƙa wa ɗan takara hannu da hannu bai taka kara ya karya ba, dala 3,300 ne a kowane zaɓe a 2024, kamfani kuma an hana shi kwata-kwata.

Manyan kuɗin ta ƙofar super PAC suke bi. Tun hukuncin kotun ƙoli na Citizens United a 2010 aka buɗe wannan ƙofa, ƙungiya za ta karɓi ko nawa ne daga attajiri ko kamfani ta yi talla, sharaɗin dai kar ta haɗa baki da ɗan takarar. Ta Musk sunanta America PAC. To duk tallan da ka gani ka duba ƙasansa, akwai sunan wanda ya biya, ka kwafe shi ka nema a FEC ko OpenSecrets, wani shafi mai zaman kansa da ke bin sawun kuɗin siyasa, in a Facebook ne ka shiga rumbun tallansu na Ad Library.

Nan ne abin ke damuna wallahi, don sunan ba ya gaya maka komai, tallan ma haka. Ɗauki super PAC ɗin nan Fairshake, wa zai ji wannan suna ya san kamfanonin kirifto Coinbase da Ripple da kamfanin zuba jari Andreessen Horowitz ne ke cika mata asusu? Sun kashe wajen dala miliyan 10 don kayar da Katie Porter a zaɓen fidda gwani na sanata a Kalifoniya, tallan kuma halinta suke ta suka ba maganar kirifto ba, mai zaɓe yana zaune gaban talabijin bai ma san rigimar da ake yi da shi ba. A Ohayo wani reshenta ya zuba wajen miliyan 40 don Bernie Moreno ya kada Sherrod Brown, shugaban kwamitin bankuna na majalisar dattawa a lokacin, wanda bai yarda da kirifto ba, kuma Brown ɗin ya faɗi.

Abu biyu ka kiyaye. In OpenSecrets ta nuna maka wani adadi a ƙarƙashin Google ko Microsoft, galibi gudummawar ma'aikata ce aka tara, kar ka je kana yaɗa cewa kamfanin ne ya bayar. Sannan in sawun ya kai ka ga ƙungiya mai rajistar 501(c)(4), wato irin ƙungiyoyin da ba don riba aka kafa ba, to nan ya ɓace, doka ba ta tilasta musu faɗin masu ba su ba.

Bayan zaɓe kuma ka koma congress.gov, shafin majalisar dokoki, ka duba wane kwamiti aka sa wanda ya ci zaɓen da yadda yake kaɗa ƙuri'a. Dokar kirifto ta GENIUS da Trump ya sa wa hannu a Yulin 2025, fara da ita, ka jera sunayen waɗanda suka amince kusa da waɗanda Fairshake ta mara wa baya.